Ranar da Radoje Ya Zauna

Tun daga ƙofar kicin Stanojka ta gane ciwon ƙirjin ya dawo wa mijinta. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ai ba sai ya buɗe baki ba. Radoje na tsaye a bayan baƙi da tiren kifi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, goshinsa ya jiƙe sharkaf alhali ƙanƙara ce ke zuba a waje.

Ranar Waliyyi Nikola ce, waliyyin gidansu tun kaka da kakanni, ga mutum goma sha huɗu a teburin abincin rana. A wannan rana maigida ba ya zama muddin kyandir ɗin waliyyi na ci. Ubansa bai taɓa zama ba, shi kuwa Radoje taurin kansa ya ninka na uban.

Ta karɓe tiren, ta ja shi gefen murhu, ta zaro 'yar kwalbar maganin daga aljihun falmaransa.

"Zauna tukuna. Likita cewa ta yi a zaune ake sa ƙwayar nan."

"Likitar ce maigida a nan?" Ya fizgi ƙwaya ɗaya ya tura ƙarƙashin harshe, yana tsaye ƙiƙam.

Stanojka ta san halin ƙwayar nan sarai. Tana buɗe hanyoyin jini, jinin ya yi ƙasa, jiri ya kwashi mutum. Bara haka ta kayar da shi a garken tumaki, sai da aka yi masa ɗinki a ƙeya.

Sai ga Budimir, amininsa da ya tsaya musu ranar aure, riƙe da ƙaramin kofin barasar gida.

"Kai mutumina, ka yi fari fat kamar cuku! Kurɓi wannan, ita ta kai kakana shekara casa'in."

"Budimir, in kofin nan ya taɓa bakinsa, na rantse a kanka zan fasa shi. Barasa a kan wannan magani? So kake ka binne shi?"

Budimir ya ja da baya sumui-sumui. Radoje kuwa jiri ya soma ɗibarsa, ya dafa bango.

"Ba zan zauna gaban waliyyi ba, Stanojka. Ki ƙyale ni."

Ta nufi tebur, ta ɗauki ruwan inabi ta ɗiga a kan kyandir ɗin, aikin da maigida kaɗai ke yi, shi ma sai baƙi sun watse. Wutar ta mutu. Yayar Radoje, Leposava, ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah.

Stanojka ta juyo wurin Radoje. "An kashe. Zauna."

Ya sulale kan benci. Ta sassauta masa wuyan riga, idonta na kan agogon bango, garin sauri har maɓallin ya tsinke. Ko da yaushe kafin minti biyu ciwon ke sakinsa. Yau minti biyar suka cika cif.

"Ya sake ka?"

Ya girgiza kai, ya nuna muƙamuƙinsa da hannunsa na hagu.

Ta kira motar asibiti. Matar da ta ɗauki wayar ta ce kada a bari ya miƙe, kada a ba shi komai ya sha, sannan ta ce ƙanƙara ta rufe hanyar tudu, sai motar ta yi kamar minti ashirin da biyar kafin ta iso.

Stanojka ta durƙusa gabansa tana jiran faɗa a kan kyandir ɗin. Da ma ya yi, da ta ji sanyi, don mai ƙarfin masifa da sauransa. Amma sai ya kama wuyan hannunta da yatsu masu sanyi ƙalau.

"Stanojka," ya ce a hankali, yadda baƙi ba za su ji ba, "tsoro nake ji."

Ba ta taɓa jin wannan magana a bakinsa ba, ko lokacin yaƙi.

"Ni ma," ta ce. Ta riƙe shi gam, ta kasa kunne ga hanya.