Gemun Mai Aski

Duk wanda ya san shagon askin da ke kwanar layin masu facin taya ya san mai shagon ba ya barin gemu. Fuskarsa kullum sumul take, don a cewarsa mai aski da buzu-buzun haɓa daidai yake da tela mai yagaggen wando. Amma tun farkon kakar wasa ta bana gemu ya tsiro masa, ya cika, furfura ta ratsa shi nan da can, har ya fara gogar wuyan rigarsa. Kuma ba kowa ya jawo masa ba sai bakinsa.

Ranar da ƙungiyar ƙwallon garin ta sha kashi a gida, a hannun waɗanda ke can ƙasan teburi, shagon ya cika maƙil, kowa na zuba. Mai Aski yana tsaye da almakashi a hannu zuciya ta ɗebe shi, ya ce reza ba za ta ƙara taɓa haɓarsa ba sai ranar da aka kori koci. Aka tafa masa. Direban bas ɗin unguwa ya ɗaga masa hannu sama kamar ya ci dambe. Da a gida ya faɗa, matarsa ce kawai za ta yi masa dariya a wuce wurin. To a gaban benci cike da mutane ya faɗa, su kuwa 'yan ƙwallo suna iya manta shekarun 'ya'yansu, amma ba sa manta wanda ya cika baki.

Abin da ya sa maganar ta zame masa ƙarfen ƙafa shi ne, kocin nan a kujerarsa yake aski. Tun yana ɗan wasan baya mai yalwar suma yake zuwa, har ya ajiye takalmi, har sanƙo ya fara cin gaban kansa. Duk jajibirin wasa da sassafe, kafin shago ya cika, zai turo ƙofa ya zauna. Suna da doka guda tsakaninsu, ba a maganar ƙwallo. Koci ya taɓa cewa duk garin nan wannan kujerar ce kaɗai ba a tambayarsa wa zai saka gobe. Sai su yi hirar ciwon gwiwa, da tumatirin da Koci ke shukawa a bayan gida, da 'ya'ya masu cinye kati a waya. Mai Aski ya san kan nan kamar tafin hannunsa. Ya san tabon da ke bayan kunnen hagu, inda aka taɓa yin gware a sama, ya san yadda ake kauce masa da injin.

Lokacin da gemun ya fara fitowa, Koci ya dube shi ta madubi.

"Mutumina, lafiya? Gemu kuma?"

"Ƙuraje ke feso min in na aske," in ji Mai Aski, yana karkaɗe buroshin da babu komai a jikinsa.

Koci ya gyaɗa kai. Da ya dawo zuwa na gaba sai ga shi da ɗan kwalin man shafawa, ya ce likitan ƙungiya ya ce yana maganin ƙurajen aski. Mai Aski ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tura kwalin bayan gwangwanin hoda. Bai taɓa buɗe shi ba. Duk sanda ya miƙa hannu ɗaukar hoda sai yatsansa ya taɓa kwalin, kunya ta kama shi.

Labarin ya fito ne da safiyar wani jajibirin wasa. Mai Aski yana share gashin jiya a ƙasa ya ji hon ba ƙaƙƙautawa, ya leƙa, sai ga Direba ya tsayar da bas a karkace, fasinjoji na ciki suna mita, ya faɗo shago da waya a hannu.

"An sallami Koci. Ɗauko reza."

Kafin rana ta ɗaga benci ya cika. Makanike ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu. Tica, malamin makarantar firamare, ya zo da alli a aljihun riga, ya ce ya bar yara suna kwafar aiki a allo. Har masu sanƙon da ba su da abin askewa sun zo, suka jingina da bango.

Murna aka fara da ita. Direba ya lissafa laifuffukan Koci tun daga farko: ya ajiye yaron da ke cin ƙwallo a benci, yana jinkirin canji har sai an gama cinye mu, kuma yana tsayawa a bakin layi hannu a aljihu kamar mai jiran mota. Aka yi dariya. Amma murnar ba ta yi nisa ba. Makanike, wanda muryarsa ta fi ta kowa dishewa a filin wasa wajen kiran a kori Koci, ya yi tagumi yana kallon takalminsa.

"To yanzu wa za su kawo?"

Nan fa aka rabu. Wasu suka ce baƙo daga waje, wasu suka ce baƙo ba zai san ramukan filinmu ba. Tica ya ce shi tun farko ya faɗa matsalar ta shugabanni ce, waɗanda suka sayar da gola suka sayo fitilun ofis. Direba ya ce ƙarya ne, bai taɓa faɗa ba. Wani tsoho a ƙarshen benci ya tuna musu cewa kocin nan ne ya hau da su babbar gasa shekarun baya, ranar da aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin kasuwa, kuma in bai manta ba Direba ne ke riƙe da ƙafar dama. Direba ya ce wancan zamani daban.

Mai Aski yana aski, yana kallon ƙofa. Lokacin zuwan Koci ya yi, ya wuce, ba a turo ƙofar ba. Ya daɗe yana tunanin ranar nan, yana zaton ransa zai yi fari. Ga ta ta zo, abin da yake ji kawai shi ne tsoro: kada mutumin nan ya bar garin ba su yi sallama ba, ko kuma, wanda ya fi muni, wani ya riga ya kai masa labarin gemun shi ya sa bai zo ba.

"Malam, muna jira fa," in ji Direba. "Alkawari ya cika. Zauna mu ga haɓar nan."

"Karanta min sanarwar tukuna."

Tica ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar aji. Ƙungiya da mai horarwa sun rabu bisa fahimtar juna, ana yi masa fatan alheri.

"To kun ji," in ji Mai Aski. "Ni cewa na yi sai an kore shi. Nan an ce rabuwa aka yi."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Tica, kora da rabuwa ɗaya ne?"

Tica ba ya iya ƙin irin wannan tambaya. Ya ce a gaskiya a wajen nahawu akwai bambanci, don kora mutum ɗaya ke yin ta, rabuwa kuwa sai da biyu. Makanike ya ce shi ma lokacin da maigidansa na farko ya watso masa kaya waje, bisa fahimtar juna ne, don ya fahimci in bai tafi ba zai sha sifana a ka. Gardama ta koma kan kalma, aka manta da reza, Mai Aski ya samu ya numfasa.

Rana ta take, ana cikin wannan, ƙofa ta buɗe. Koci ne, cikin riga mara tambarin ƙungiya, abin da ba a saba gani ba. Direba ne ya fara miƙewa, har yana tuntuɓe da ƙafar Makanike.

"Koci, sannu da zuwa. Wallahi ba mu ji daɗi ba. Yanzu nake cewa ba laifinka ba ne, yaran ne ba sa gudu."

"Na gode," in ji Koci, da ɗan murmushi. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, har tsohon ƙarshen benci. Wanda ke kan kujera ya sauka da kansa, ya ce shi ba sauri yake ba.

Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya.

"Yau ka makara."

"Ina kwashe kaya a ofis. Ashe mutum yana tara tarkace. Har takalmin da nake nema tun bara na gani." Ya shafa kansa. "Yau a rage sosai, mutumina. Za mu koma wajen yayana, can ya daɗe yana kirana in duba masa makarantar yara. Ban san ranar da zan sami wanda ya san kan nan ba."

Mai Aski ya kunna injin. Ya fara daga ƙeya, ya hau a hankali, ya zo bayan kunnen hagu ya kauce wa tabon yadda ya saba. Ba wanda ya yi maganar ƙwallo. Mutanen benci, waɗanda ba su san da dokar ba, suka bi ta ba tare da an gaya musu ba. Koci ya ce tumatirin ya fara nuna, ga shi zai tafi ya bar wa maƙwabta. Mai Aski ya ce gwiwar fa, Koci ya ce tana nan tana gaishe shi. Ya ja aikin iya yadda zai ja, ya gyara gefe, ya sake gyarawa, har ya rasa gashin da zai taɓa. Ya shafa hoda, ya kwance ƙyallen.

Koci ya tashi ya duba madubi hagu da dama. Sai ya karɓi ƙyallen daga hannun Mai Aski, ya karkaɗe shi, ya nuna kujera.

"Zauna."

"Ni?"

"Kai. Tun daga bakin layin nan naku aka tare ni da labarin wai kana jayayya da kalma. Korata aka yi, mutumina. Sanarwar ce kawai ke jin kunya."

Mai Aski ya zauna a kujerar da ya shekara da shekaru yana tsaye a bayanta. Koci ya ɗaura masa ƙyallen, ya ɗan matse fiye da kima.

"Tun yaushe ka sani?"

"Washegarin ranar da ka cika bakin. Garin nan nawa yake?"

"Man da ka kawo min fa?"

"Na ga ƙaryar tana ba ka wahala, na ce bari in kama maka." Ya ɗauki injin yana juya shi, yana neman makunni, sai da Makanike ya nuna masa. "Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Amma duk mako ina zama nan ina kallonsa ta madubi, in ya ƙara tsawo in san ina nan ban tafi ba. Har na fara sonsa."

Ya ɗora injin a kumatun dama. Hannunsa na da nauyi, hannun mutumin da bai taɓa yi wa kowa aski ba, yana dannawa kamar mai goge tukunya. Gashi baƙi da fari ya dinga zubowa kan ƙyalle. Mai Aski ya so ya ce a sassauta, a bi yadda gashin ya kwanta, amma ya bar shi ya ci gaba. Ya ga fatar da ya daɗe bai gani ba tana fitowa, daga kunne har tsakiyar haɓa. Nan Koci ya tsaya. Ya kashe injin, ya hure shi, ya ajiye a mazauninsa.

"Saura ɗaya gefen, Koci," in ji Direba a hankali.

"Ni ma rabin kaka aka bar ni na yi. Wanda za su kawo ya ƙarasa."

Ya dafa kafaɗar Mai Aski, ya ɗan matsa, ya ce a gaida mutanen gida. Ya ɗaga wa benci hannu ya fita. Ta gilashin ƙofa suka ga ya tsaya a bakin titi, hannu a aljihu, yana jiran mota.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariya ne: mutum zaune da rabin fuska sumul, rabi daji. Can Makanike ya goge hannu a wando ya ce a ba shi injin ya ƙarasa, ba wani abu ba ne.

"Bar shi," in ji Mai Aski.

Ya kwance ƙyallen da kansa, ya tashi. Baƙin ciki ne ya cika shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka ci su a gida. Gefen da aka aske ya yi ja, yana masa raɗaɗi da gaske. Ya miƙa hannu bayan gwangwanin hoda, ya zaro kwalin, ya buɗe, ya shafa man a kumatun. Sannan ya juya kujerar, ya dubi benci da rabin gemunsa.

"Waye na gaba?"