Yarinyar da Malama Atika ta Ƙaga

Ƙaurin takarda ne ya katse mini karatu. Ina zaune da matan unguwa bayan azahar muna bitar babin tsarki, sai na rufe littafi, na bi ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidana da na maƙwabciyata. Na iske Malama Atika durƙushe a tsakar gida gaban kaskon wuta, cikin zafin bazarar Sakkwato, da tulin takardu kusa da gwiwarta. Kwana tara ke nan da likitoci suka sallamo ta, suka ce a kai ta gida a yi ta addu'a. Ban san inda ta samo ƙarfin hura gawayi ba.

"Atika, mi kike ƙonawa?"

"Zunubina, Modibo."

"Zunubi ba shi ƙonewa cikin kasko. Ɗauke hannunki."

Ba ta ɗauke ba, sai da na kifa murfin tukunya a kan wutar. Takarda biyu sun riga sun zama toka. Na kama ta na mayar da ita ɗaki, nauyinta bai fi na tulun da ba kome a ciki ba.

Shekara talatin da ɗaya muna raba katanga ɗaya a Ƙofar Taramniya. Ni ina karantar da mata Alƙur'ani da fiƙihu kamar yadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ita kuwa tana koyar da 'yan mata a makarantar boko. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Na san cewa kowace Alhamis tana karanta wa 'yan ajinta wasiƙar wata yarinya mai suna Tani, 'yar manoman shinkafa daga wani ƙauye kusa da Wamakko, wadda ta tafi kwalejin horon malamai a nesa take rubuto wa yayarta labari. Na kuma san cewa a wannan shekarar, da gwamnatin soja ta buɗe makarantu ga kowa har aka rasa littattafan ba yara, wani ma'aikacin gidan ɗab'i ya zo daga Zariya yana roƙon a ba shi wasiƙun a buga. Abin da ban sani ba shi ne abin da ta faɗa mini da ta samu numfashi.

"Babu wata Tani, Modibo. Ni naƙ ƙaga ta."

Ta ce a shekarun farko, duk yarinyar da aka ce ta zauna jarrabawar shiga kwaleji sai ta fashe da kuka, domin ba wadda ta taɓa wuce Kwannawa da ke nan bayan gari. Sai ta zauna ta rubuta wasiƙa ɗaya da bakin wata yarinya da ta riga su tafiya, ta sa a ambulan, ta liƙa tsohon kan sarki. Ta yi nufin ɗaya tak. Alhamis ta gaba suka tare ta tun daga bakin ƙofa suna tambaya ko Tani ta aiko. Haka ta yi shekara goma sha ɗaya.

"Kuma yarinyar ga ba ta buɗa baki sai da wallahi," in ji ta. "Na aza sunan Allah bisa abin da bai faru ba. Ke kinka karantar da mu rantsuwa bisa ƙarya ba ta da kaffara. Ga ni bakin kabari. Ki bar ni in ƙone su."

Da sauƙi in ce mata ba kome don hankalinta ya kwanta. Amma ba a yi mini tarbiyyar yanke hukunci a kan abin da ban ji ba, kuma ni ba na karanta boko. Na ce sai ta karanta mini su dukkansu.

Yini uku muka yi, daga la'asar zuwa faɗuwar rana, tana jingine da matashi, ina riƙe da moɗa ina jiƙa mata leɓe. Na ji yadda Tani ta fara ganin jirgin ƙasa ta ɓuya bayan mai sayar da rake. Na ji azuminta na farko ba tare da kunun uwarta ba. Na ji ranar da ta tsinki mangwaron shugabar makaranta, ta kasa cin sa, ta mayar da shi da shaidar haƙori. A wata wasiƙar ta ce: "Yaya, wallahi 'yan Kano sun sa ni gaba. Da na ce mi, sai su ce akuya ta shigo aji. Kwana uku ban yi magana ba. Ran na huɗu anka yi lissahi, ni kaɗai nac ci. Yanzu dut mai son in nuna mata sai ta ce mi sau uku." Ina neman gafarar Ubangiji, dariya ta kuɓuce mini a ɗakin marar lafiya har sai da na rufe baki da mayafi. Da aka zo wasiƙar rasuwar uwar Tani, wadda labarin bai riske ta ba sai bayan kwana arba'in, ni da na wanke gawawwakin da ban san adadinsu ba, sai da na fita waje na tsaya.

A yini na uku ta ajiye takarda ta ƙarshe ta dube ni, kamar mai jiran alƙali.

Na ce mata rantsuwar ba tata ba ce. Mai ba da labari yana ɗauko maganar wani ne, bai ƙulla niyyar rantsuwa a zuciyarsa ba. A zauren mahaifina manyan malamai sun karantar da littattafan da masana suka ƙagi mutane a ciki don koyar da harshe da ladabi, ba wanda ya kira su maƙaryata, domin mai karatu ya san ƙage ne. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sai dai ban gama ba.

"Matsalarki ba cikin takarda take ba, Atika. Tana ga ambulan da kan sarki. Su yaran sun san ƙage na?"

Ta girgiza kai.

"To wannan haƙƙinsu na. In kin ƙone littahin, kin hana su abin da kinka ba su, kuma haƙƙin yana nan. Sai kin gaya musu da bakinki."

"Modibo, kashe ni za su yi."

"An riga su," na ce, ita ma ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ranar Asabar da hantsi suka zo, mata ashirin da bakwai, waɗanda aka iya samu cikin gari. Akwai malamai a cikinsu, da ma'aikatan jinya, da mai buga keken rubutu a sakatariya, da matan aure da goyo. Waɗansu a sabbin motocin mazajensu aka sauke su, har titinmu ya toshe, mai jakin ruwa yana ta mita. Muka shimfiɗa wa Atika tabarma a inuwar dalbejiya. Ba ta yi doguwar shimfiɗa ba. Ta yi salati, ta ce musu ita ce Tani, ita ta rubuta kowane harafi, ta yaudare su, tana roƙon su yafe mata don Allah.

Sannan ta sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai duk abin da yara suka taɓa ba ta ta aika wa Tani: tandun kwalli, sabulu, ɗankwali, zoben azurfa, fensir rabi. Kowanne da sunan mai shi da shekara a ɗaure. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta riƙa kiran suna tana miƙawa, kamar yadda take kiran rajista.

Dije ce ta fara magana. Dije ungozoma ce a asibiti, doguwa, mai kaifin harshe tun tana ƙarama. Ta miƙe tsaye, ɗankwalin da aka mayar mata yana hannunta.

"Malama, ɗiyata ran Laraba anka haihe ta. Nac ce Tani za a kira ta. Uwar mijina har yau dariya take mini, tana cewa ungozoma ba ta san Litinin da Laraba ba. Ashe sunan iska nas sa ma ɗiyata?"

"Dije, ki yi haƙuri."

"Ban gama ba. Wata biyu ina azumin Litinin da Alhamis don Tani ta ci jarrabawa. Ina ɗiyar shekara goma sha biyu!" Ta juyo gare ni, idonta ya kaɗa. "Inna Modibo, ke am masaniya. Ina addu'ata tat tahi?"

Na ce mata Allah ne masani. Amma Wanda ta roƙa Ya san babu Tani tun kafin ta ɗaga hannu, kuma Ya san yarinyar da za ta zauna tata jarrabawar a shekara mai zuwa. Na tambaye ta ko ta ci. Sai wata daga baya ta ce, "Ita taz zo ta ɗaya, Inna, har yau ba mu huta da jin labari ba." Aka yi 'yar dariya, mai haɗe da sharar hanci.

Dije ta durƙusa gaban tabarmar. Ta dubi malamarta.

"Na yahe, duniya da lahira. Amma wallahi, kuma tawa rantsuwar ta gaske ta, ba ki tahiya ki bar muna ita tsaye a tasha."

Sai a lokacin na gane abin da ke cin su. Wasiƙar ƙarshe da Atika ta rubuta kafin ciwo ya kwantar da ita ta bar Tani ta gama kwaleji, tana tashar mota da akwatinta, an ba ta aikin ofis a Kaduna, ga kuma motar gida tana lodi. Shekara guda ke nan ba wanda ya san wadda ta shiga. Nan take gidan ya kaure.

"Ta tahi Kaduna, ta sha wahala ta isa!"

"Ke dai don mijinki na can. Ta komo gida!"

"Ta yi aure mana, ko ita ba mutum ba ta?"

"To ai yanzu anka gaya miki ba mutum ba ta!"

Na dubi Atika. Tana kwance, ƙashi da fata, mata ashirin da bakwai suna gardama a kanta saboda yarinyar da ta fito daga alƙalaminta, kowace a cikinsu da aikin yi ko karatun da za ta koya wa ɗiyanta. Fuskarta ta yi wani haske da ban gan shi ba ko a ranar aurenta. Ban taɓa alfahari da maƙwabtaka kamar wannan hantsi ba, Allah Ya tsare mu da girman kai.

Kwana biyu Dije tana zuwa da safe da takarda da alƙalami. Da farko Atika ta sake faɗin wasiƙun da wuta ta ci, da ka, ba ta yi tuntuɓe ba. Sannan ta sa aka rubuta a shafin farko cewa Tani ƙagaggiya ce, kada wani yaro ya sake yi mata azumi. Sannan wasiƙar ƙarshe, jimla ɗaya, hutu, jimla ɗaya. Tani ta shiga motar gida. Ta iske sabuwar makarantar ƙauyensu ba a ɗora mata kwano ba tukuna, ta tara yara a gindin tsamiya, wata 'yar ƙarama ta tambaye ta ko gaskiya ne jirgin ƙasa yana cin mutane. Ta rufe da cewa: "Yaya, kada ki jira wasiƙata daga yau. Yanzu ni za a riƙa rubuto ma."

Dije ta ce, "Ba a sa wallahi ko ɗaya ba, Malama."

"Ta girma," in ji Atika.

Ranar Talata, rana ta ɗaga kaɗan, numfashinta ya sauya. Na zauna a kanta ina maimaita kalmar shahada a hankali, ban ce ta faɗa ba, har ta kama da kanta ta faɗa sau biyu a fili. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni na yi mata wanka, Dije tana zuba mini ruwa. Maza suka ɗauke ta kafin azahar, kuma an ce sahun sallarta ya kai har bakin titi.

Bayan addu'ar bakwai Dije ta shigo gidana da takardun a cikin jakar leda, za ta kai su Zariya da hannunta. Na ce ba a haka za su yi tafiya ba. Na ɗauko gafakar jar fata da mahaifina yake sa littafinsa na fiƙihu, na fitar da littafin na naɗe shi a farin ƙyalle, na jera wasiƙun a ciki. Suka shiga daidai, na ɗaure igiyar.

Na raka ta har zaure, inda ban saba wucewa ba. Ta rataya gafakar a kafaɗa ƙarƙashin mayafi, ta bi gefen titi, manyan motocin siminti suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Duk sa'ad da wata ta matso, sai in ga ta sa hannu ta dafe gafakar a ƙirjinta, har ta sha kwana.