Fanka a Aji Uku, Makunni a Aji Huɗu

Makarantarmu ajujuwa shida gare ta, ɗakuna biyar. Ko wanda ya gina ta bai iya ƙidaya ba ne, ko bulo ne ya ƙare masa, ba wanda ya sani. Shi ya sa aka kira kafinta ya raba ɗakin da ya fi girma gida biyu da falanki, aji uku a dama, aji huɗu a hagu. Kafintan ma da alama ajinsu ɗaya da maginin, domin da ya gama sai ga fanka ta faɗa ɓangaren aji uku, makunninta kuma yana ɓangaren aji huɗu. Taga ta zama ta aji huɗu, ƙofa ta aji uku. Falankin ko rufi bai kai ba, ya tsaya daidai kan dogon mutum.

Ni aji biyu nake koyarwa, bango ɗaya ne tsakanina da su, don haka duk abin da zan faɗa da kunnena na ji, wani kuma da idona na gani.

Malamin aji uku Malam Ato ake ce masa, saboda ba ya rufe magana sai da "ato". Mutum ne mai tumbi da babbar murya, wanda ya yi imani cewa da duniya da adalci da tuni shi ne hedimasta. Malamar aji huɗu kuwa yara sun sa mata Anti Ƙwas-ƙwas saboda takalminta. Ita a ganinta wucewa kawai take yi ta makarantarmu kafin wata babbar makaranta ta kira ta, kuma tun kafin a ɗauke ni aiki take jiran wannan kira.

Asalin faɗansu ba wani abu ba ne. Wata rana a ɗakin malamai Malam Ato ya ce ɗalibanta suna karatu kamar kaji sun ga hatsi. Washegari da zafi ya yi zafi ta miƙa hannu ta kashe fanka, ta ce ƙararta na hana yaranta ji. Shi kuma ya kafa dokar cewa duk ɗan aji huɗu da zai fita bayan gida sai ya tsaya a gaban teburinsa ya nemi izini da Turanci, tunda ta ajinsa ƙofa take. Yaro yana matse ƙafafu, Malam yana gyara masa nahawu.

Daga nan aka shiga yaƙin murya. In ya sa yaransa rera "biyu sau biyu huɗu", sai ta sa nata karanta sunayen watanni da iya ƙarfinsu. In ta fara shifta, lokacin ne zai tuna yau ranar waƙa ce. Har ta kai 'yan aji uku sun haddace sassan fure da ba a koya musu ba, 'yan aji huɗu kuma in ka tashe su daga barci za su kawo maka jadawalin sau uku, amma kowa nasa darasin ya gagare shi. Da aka zo aikin shuka wake a gwangwani, na aji huɗu ya jeru a taga ya yi kore shar, na aji uku ya fito fari fat, dogo siriri, ya karkace yana leƙen haske ta saman falanki. Malam Ato ya dube shi ya ce da ma gwajin da ya shirya ke nan, don yara su ga illar duhu, ato.

Hedimasta ya san komai. Mutum ne da ke gudun rigima kamar yadda wasu ke gudun allura. In Anti ta kai ƙara ya gyaɗa kai ya ce tana da gaskiya, in Malam ya kai tasa ya ce yana da gaskiya, sannan ya tuna yana da taro a wani wuri.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, kowannensu ya zo da wasan kwaikwayon da ajinsa zai yi. Matsalar ita ce babban baƙonmu, mai kantin maganin bakin titi wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, ba ya iya zama ya daɗe, wasa ɗaya kawai lokaci zai ɗauka. Maimakon Hedimasta ya zaɓi ɗaya ya ɓata wa ɗaya, sai ya fito da dabarar da ya yi ta yaba wa kansa a kai: a haɗa ajin biyu su yi wasa guda. Rana da Ruwan Sama za su yi gardamar wanda ya fi amfani, aji uku Rana, aji huɗu Ruwa, a ƙarshe Manomi ya raba gardama ya ce duka biyun yana bukata. Ya ce darasi ne na haɗin kai. Ya faɗi haka yana kallon silin.

Nan take aka sake sabon faɗa a kan Manomi. Malam ya ce ba zai yarda alƙali ya fito daga aji huɗu ba, Anti ta ce ko a mafarki ba za a ɗauko shi daga aji uku ba. Sai aka aro daga ajina. Na ba su wata yarinya da muke kira 'Yar Baba, ƙarama mai shiru-shiru, wadda in ka ce ta zauna a nan, a nan za ka dawo ka same ta. Ubanta mai gyaran babur ne a bayan makaranta, shi yake kawo ta kullum ya kuma zo ya ɗauke ta. Ranar da aka gaya mata za ta hau dandamali, da gudu ta fita ta tare shi a bakin get.

Ba a taɓa yin gwaji tare ba. Kowa ya rubuta nasa ɓangaren ya ɓoye kamar takardar jarrabawa. Malam yana fita da nasa yaran ƙarƙashin bishiya, Anti tana jan nata bayan ofis. Na je wurin Malam neman abin da 'Yar Baba za ta faɗa, ya ce ai wannan aikin mata ne, in tambayi maƙwabciyarsa. Na je wurinta, ta ce tunda shi ne mai ilimin da ya fi na kowa, shi zai rubuta. Na kai wa Hedimasta, ya ce kada in damu, ya riga ya yi magana da su, an gama komai. Abin da yarinyar ta samu daga bakinsu duka biyun shi ne ta tsaya a tsakiya, kada ta motsa sai an ce ta yi magana.

Ranar biki aka kafa rumfa a fili, aka jera tebura aka shimfiɗa musu tabarma suka zama dandamali. Aka rataya balan-balan da rabinsu suka fashe kafin baƙi su zo. 'Yan aji ɗaya suka yi waƙar maraba, kowa da inda ya dosa. Hedimasta ya yi jawabi a kan nasarorin da makaranta ta samu, ciki har da fentin get. Babban baƙo ya zauna a kujerar gaba cikin farar riga, ya harɗe hannu a kan cikinsa, kafin a gama rabon kyaututtuka ya fara gyangyaɗi.

Sai aka kira wasa. Rana ya fito, wani yaro mai kumatu, kansa a cikin faifan kwali da aka shafa wa ruwan ɗorawa. Ruwa ta fito, doguwar yarinya da aka lulluɓe da yankakkiyar leda shuɗiya, riƙe da butar ban-ruwan fulawa. Sauran yara suka jeru a bayansu. 'Yar Baba ta tsaya a tsakiya da malfa da ƙaramar fartanya da ubanta ya ƙera mata da guntun ƙarfe, ya goge ta har tana ƙyalli. Shi kuma yana can baya a tsaye, ya rufe garejinsa ya sa riga mai tsabta, ya ɗaga waya sama.

Rana ya fara. Ya ce shi ne babba, shi ya riga kowa zuwa. Sannan ya ɗaga dunduniya ya yi tafiyar rangwaɗa a kan tebur, ya ce, "Wasu kuwa ba abin da suka iya sai ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan kwano, su hana mutane sakat. Kullum suna cewa za su tafi babban gari, har yau muna nan tare."

Sai wata uwa ta fashe da dariya, saura suka bi. Babu gidan da yara ba su kai labarin ɗakin nan ba.

Ruwa ba ta jira an gama ba. Ta turo ciki gaba, ta kumbura murya, ta ce, "Ni ne mai ilimi, ato. Ni ya kamata in zama shugaban sama, ato. Amma ko wake na shuka sai ya fito kamar mara lafiya, ato."

Yanzu kam har da masu buga cinya. Na dubi Malam Ato, ya yi murmushin da bai kai ido ba, gumi na bin wuyansa. Anti tana gefen dandamali tana gyaɗa kai tana bin kalmomin da leɓe, kamar mai jin karatun da ta fi so. Haka aka yi ta yi, Rana ya jefa, Ruwa ta rama. An taɓo jan biron da ake zabga wa yara sifili da shi, an taɓo tumbi, an taɓo wanda ke cin abincin yara da sunan ɗanɗanawa. Ba a ambaci gona ko sau ɗaya ba.

Da maganganun suka ƙare, kowane yaro ya rufe da cewa shi ya yi nasara, domin haka aka rubuta masa. Suka tsaya suna kallon juna. Malam ya yi wa nasa alama ya maimaita, yaron ya maimaita da ƙarfi. Anti ta ɗaga wa tata gira. Yarinyar ta ɗaga buta, wadda ashe cike take, ta juye wa Rana a ka. Kwali ya jiƙe ya lanƙwashe, fenti ya gangaro masa a fuska, ya fasa kuka ya kai mata duka da abin da ya rage na haskensa. Butar ta kuɓuce ta faɗo gaban babban baƙo, ta wanke masa takalmi da gindin riga.

Ya farka a firgice ya ga jama'a na dariya da tafi, sai shi ma ya kama tafi. Da aka ba shi lasifika ya ce shekara da shekaru yana zuwa bikin nan bai taɓa ganin wasa mai ma'ana irin wannan ba, kuma a bayyane yake malaman nan biyu sun zauna sun haɗa kai sosai. Ya kira su gaba, ya sa aka ɗauko wani filas ɗin shayi daga motarsa, guda ɗaya, ya miƙa musu tare. Malam ya kama hannun filas, Anti ta kama gindinsa, aka ɗauki hoto kowa na ja a hankali yana murmushi. Hedimasta ya karɓi lasifika ya bayyana cewa shawarar haɗa su tasa ce.

Aka raba lemo da biskit, aka watse. Iyaye suka ja yaransu, 'yan aji shida suka fara kwashe kujeru. Ina tattara yarana sai na ga babu 'Yar Baba. Na waiga, tana nan a kan dandamali inda aka ajiye ta, malfa a kai, fartanya a kafaɗa, ruwa ya jiƙa mata safa. An ɗauke tebur na dama da na hagu, saura wanda take kai.

Ubanta ya matso kusa da ni, har yanzu wayar na hannunsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malama, nata ɓangaren sai an jima ne? Don na ga kamar ana tafiya."

Na nuna masa inda malaman biyu suke, a bakin ofis. Malam yana bayanin cewa shi ne babba a aiki, don haka a gidansa filas zai kwana, Anti tana cewa a buɗe a raba, ita ta ɗauki filas shi ya ɗauki murfi. Mutumin ya tsaya ya saurare su na ɗan lokaci. Bai ƙarasa wurinsu ba. Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya je gaban teburin da 'yarsa take kai ya miƙa hannu biyu.

Yarinyar ba ta sauko ba. Ta ce masa a hankali an ce kada ta motsa sai an ce ta yi magana.

"To, yi magana, uwata," in ji shi. "Ni na ce."

Sai ta ce ƙafarta ta gaji, kuma ba a ba ta biskit ba.

Ya sauke ta, ya cire mata jiƙaƙƙiyar safar ya matse, ya ɗora ta a gaban babur. Na ruga na samo mata biskit biyu a kwalin da Hedimasta ya tura ƙarƙashin teburinsa. Da hutu ya ƙare aka dawo, 'yan ajina suka wuce aji uku, amma kujerarta babu kowa. Na ji an ce ubanta ya mayar da ita wata makaranta can gaba da kasuwa, yana kai ta da safe kafin ya buɗe gareji. Malam Ato ya ce iyayen zamani ba su da haƙuri, Anti ta ce ai da ma yarinyar ba ta da kuzari a dandamali. A iya sanina wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.