Lungun da Babur Ba Ya Shiga

Da muka baro Gidan Goga, ni da hannuna na naɗe wuƙaƙen maigidana a tsumma, na cusa su can ƙasan buhun gero, na ɗinke bakin. Dutsen wasa wuƙar kuwa a adakata na kulle shi, don na san halin mutumina.

Maigidan nawa, Mu'awiya, mahauci ne ɗan mahauci, kuma bahago. Abin da ya fitar da shi daban shi ne fiɗar salka: yana cire wa dabba fata ɗungurungum ba tare da ya tsaga ciki ba, ta fito kamar an tuɓe riga, har a ɗinke ta a zuba ruwa. A wajen mahaifinsa ya gaje ta, kuma daga garinmu har kasuwar Maradun ba wanda ake kira idan ana son irinta sai shi. Ina alfahari da wannan hannu, ba zan ɓoye ba.

Hannun ne kuma ya jawo mana. Mutanen daji suka aiko masa da saniya, wai ya yanka ya sayar musu da naman. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane ta Ɗantani ce, maƙwabcinmu da aka harbe a gona da damina. Ya ce wa ɗan aiken ba shi da lafiya, hannunsa ya riƙe. Mutumin bai yi musu ba. Ya kwance saniyarsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya waiwayo ya ce a gaida Jidda, suna ganinta kullum in za ta makaranta.

Jidda ce kaɗai 'yar da Allah ya bar mana, shekararta goma sha uku. Kasuwa ba ta sake ci muna garin ba.

Inda za mu sauka ma sai da muka yi ta sa-in-sa. Shi Maradun yake so, ni na ce duk wanda ke cin kasuwarmu yana cin ta can. Ya ce to Bakura, yana da ɗan'uwa. Na ce ɗan'uwan nan nasa ko kaza ya saya sai rabin gari ya ji. Talata Mafara muka tsayar, don gari ne babba, baƙo yana iya ɓacewa a cikinsa.

Can ma da na sakar masa, da unguwar mahauta zai kai mu, ko bakin gari inda ake samun fili. Wai yana son inda zai riƙa jin kukan shanu. Na ce ya ji a mafarki. Na yi ta yawo da dillali har ƙafata ta kumbura, kowane gida ya nuna mini tambayata ɗaya ce: babur yana zuwa ƙofar? Ya ɗauka son babur nake yi, ya riƙa kai ni bakin titi, sai daga baya ya fahimta. Muka samu ɗaki biyu a tsakiyar gari, gefen gidan wani Alhaji Ishaq mai sayar da shinkafa, cikin wani lungu mai kwata a tsakiya wanda mutum biyu ba sa jerawa. Wari yake yi, ga duhu, amma raina ya kwanta da shi.

Makaranta kuwa ban ko tsaya sauraron masu yabon ta kwana ba. Sunan Jangebe kaɗai, inda aka kwashe 'yan matan makarantar kwana, ya ishi kowace uwa a ƙasar nan. Akwai mai kyau a hanyar fita gari, da bene da motar ɗaukar yara, na wuce ta. Na zaɓi wata ta jeka-ka-dawo mai tsagaggen allo, saboda daga bakin lungunmu ina hango ƙofarta. Na sa aka rubuta yarinyar da sunanta na yanka, Hauwa'u, na kuma ja mata kunne cewa Jidda ta tsaya a Gidan Goga. Ko a cikin ɗaki mun daina kiranta haka.

Mu'awiya ya zama ɗan ƙwadago a gonakin albasa na Bakolori. Duk wanda ya tambaya, manomi ne daga wajen Bakura. Yakan dawo da yamma ya zauna yana kallon tafin hannunsa. In na sayo nama sai ya juya shi ya yi tsaki, ya ce wanda ya yanka wannan da gatari ya fi dacewa. Ya rame, dariya ta bar shi. Ina tausayinsa ƙwarai, amma yarinya tana zuwa tana dawowa lafiya, har ta yi ƙawaye, don haka na toshe kunnena.

Ana haka matar ɗan Alhaji Ishaq ta haihu. Ranar suna gida ya cika da baƙi daga garuruwa, aka yanka wani rago mai ƙaho kamar na sa. Mahaucin da aka kira bai zo da wuri ba, sai wani surukin gidan ya ce ai fiɗa ba wani abu ba ne. Muna girki a tsakar gida, ina hango su ta ƙofar zaure. Bawan Allah nan ya dinga caccakar fatar, nan huda, can huda, yana haɗawa da tsoka.

Na ga Mu'awiya a tsaye yana murza yatsu. Na ga ya kau da kai, ya sake juyowa. Na yi gyaran murya har matan da ke kusa suka kalle ni, amma ina!

"Malam, kawo wuƙag ga," ya ce. "Kana ɓata hwatar bisa banza."

Ya karɓa da hagu. Ya ɗan tsaga ƙafar baya, ya ajiye wuƙar, ya sa dunƙulen hannu yana bi tsakanin fata da nama. Kafin ruwan tuwona ya tafasa ya zare sauran fatar ta wuya, ya ɗaga ta sama. Maza suka yi ta salati, matasa suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Shi kuwa baki har kunne, rabon da in ga haƙoransa tun a gida.

"Ashe manomin namu da saninai!" in ji Alhaji Ishaq yana dariya.

Daga bayan taron wani ya ce, "Wanga hannu ai na Gidan Goga ne." Na leƙa, na sake leƙawa, ban ga mai maganar ba.

Da ya shigo da kason naman da aka ba shi, ban karɓa ba.

"Malam, mi yak kai ka?"

"Lantana, rago guda ne hwa. Wa za ya kula?"

Kwanaki suka wuce shiru, har na fara jin kunyar faɗan da na yi masa. Ran wata Talata da safe, na raka yarinya bakin lungu, na tsaya har ta shige ƙofar makaranta, na dawo ina wanke-wanke, sai aka yi sallama. Mu'awiya bai riga ya fita ba, ya je zaure. Na matsa jikin labule. Wani dattijo ne mai farar riga tsaf da carbi a hannu, ban taɓa ganinsa ba.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutunci. Ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta, yaya ruwan Mafara, yaya ciwon hannu, an samu sauƙi? Mu'awiya yana amsa lahiya lau, muryarsa tana ƙanƙancewa.

"Madalla," in ji baƙon. "Mun ga hannu ya warke, mun yi murna ƙwarai. Yaya Jidda? Shuɗin hijabin ga ya karɓe ta. Kun yi dabara, makarantag ga ta hi waccan kusa da gida."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi. Ba wanda ya waiwayo.

"Ga 'yar saniya nan munka ɗaure bakin lungu," ya ci gaba. "Lungun naku babur bai shiga, sai da munka taka. Ba komi, tahiya ce kaɗan. In an tashi makaranta muna biyowa mu ga ko an gama."

Ya yi addu'a, ya shafa, ya tafi a hankali yana tsallake kwata.

Na fita ko mayafi babu. Saniyar tana nan ɗaure a jikin turken lantarki, ja ce mai yankakken kunne, ta wani ce da ban sani ba. Ta bayanta ina hango ƙofar makarantar a buɗe, maigadi yana gyangyaɗi a kan benci, muryoyin yara suna tashi suna bitar karatu.

Da na koma ɗaki, Mu'awiya ya riga ya farke buhun, gero ya watse ko'ina a ƙasa. Yana durƙushe, wuƙaƙen suna kan cinyarsa, hawaye yana bin gemunsa. Bai ɗago ya dube ni ba.

"Lantana, ina dutsen?"

Na kwance makullin daga bakin zanena, na buɗe adaka, na miƙa masa.