Ranar da Aka Wanke wa Nulbaya Fuska

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnenmu na wurinki.

To, Norlela dai ɗalibar aikin lauya ce. Makarantarsu ta turo ta Semporna, wani gari na bakin teku, koyon aiki a ofishin Lauya Chin, matar nan da ke tsaya wa mutanen teku, waɗanda aka haifa cikin kwalekwale, ba ƙasar da ta san da zamansu.

Aikin farko da ya faɗo mata na Dalmina ne, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. An kai samame kasuwar kifi, aka kwashe marasa takarda, har da yarinyar da Salbiya, maƙwabciyar da ke riƙe da ita ranar. Uwar, Nulbaya, tana can tana kamun kaguwa. Makonni suka wuce yarinya na tsare. Ga shi saura kwana biyu jirgi ya kwashe su zuwa ƙetare, inda ba ta da kowa.

Lauya Chin ta yi ta zirga-zirga har shugaban wurin tsarewar ya yarda da abu guda. A kawo mai cewa ita ce uwar, ba zai kama ta ba. In yarinya ta je wurinta da ƙafarta, zai hana a sa ta a jirgi, sauran magana sai kotu. Ranar kuma Lauya Chin na da shari'a a wani gari.

"Ke za ki kai ta, Norlela," in ji ta. "Kada ki dawo mini da kuka."

Da safe Nulbaya ta iso ofis da zaninta mai ƙarnin kifi, fuska shafe da burak, kwaɓin shinkafa da gangamau da matan teku ke sa wa saboda rana. Duk ta yi rawaya, ido kawai ake gani. Norlela ta dafe kai.

"Haba Yaya! Haka za ki shiga gaban hukuma? Tun daga ƙofa za su raina mu. Zo ki wanke, don Allah."

Ita da kanta ta goge mata fuska tas, ta ara mata doguwar riga da mayafi. Nulbaya ta leƙa madubi ta ce, "Kai, ƙanwata, kin mai da ni matar gwamna." Suka ɗan yi dariya, ciki kuwa ba daɗi.

Da suka isa wurin tsarewar aka fito da Dalmina, ta rame, tana riƙe da zanin Salbiya. Nulbaya ta durƙusa ta buɗe hannu. Ta so kiran sunan, amma kukan makonni ya dusashe mata murya, sai wani gurnani ya fito. Yarinya ta dubi baƙuwar nan mai mayafi, ta ƙwalla ƙara, ta ɓuya bayan Salbiya.

"Wallahi 'yarta ce, yallaɓai!" in ji Salbiya. "A gabana ta haife ta!"

"Kowa a nan rantsuwa yake yi," in ji shugaban. "Na ga abin da na gani. Ku mai da su ciki."

Norlela ta fara jero masa dokokin kare yara. Ya ɗaga hannu.

"'Yar makaranta, ba a aji muke ba."

Ta juya ta ga Nulbaya ta kifa a ƙasa, hawaye na bin wannan fuska da ta wanke da hannunta. Nan ta gane kuskurenta. Tun da aka haifi Dalmina, duk wuni a kan ruwa, da fuska mai rawaya take ganin uwarta.

Norlela ba ta san lokacin da ta zube a gaban shugaban ba. "Yallaɓai, ka yi wa Allah. Ka ba ni ɗan lokaci, kafin ka shanye shayin nan."

Ya dubi kofin, ya dube ta. "Ya kusa ƙarewa fa."

Ta zura da gudu, takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa mai soya ayaba, kullunta kuwa na garin shinkafa ne da gangamau.

"Inna, kullun nan nake so! Ɗanye!"

"Ɗanye? Ke, karatun ne ya taɓa miki kai, ko ciki gare ki?"

Norlela ta riga ta cusa hannu biyu cikin kwano ta kwaso. Tsohuwa na bin ta da masifa, ita kuwa ta koma kullu na ɗiga ta gwiwar hannu. Ta fizge mayafin daga kan Nulbaya, ta shafe mata goshi da kumatu da haɓa, har cikin gashi.

Shugaban ya ajiye kofi, saura kurɓi ɗaya.

Dalmina ta leƙo daga bayan zani. Ta daɗe tana kallo, yatsa a baki. Sai ta saki zanin, ta tako a hankali, ta sa yatsan ta dangwali kumatun, ta lasa. Ta ce, "Inna." Ta faɗa jikinta.

Shugaban ya yi gyaran murya ya kau da kai. "Ku ware yarinyar. Ke kuma je ki nemo takalminki."

Washegari jirgi ya tashi ba Dalmina. Ya tafi da Salbiya, har yau ba a ji labarinta ba. Bayan damina kotu ta miƙa wa Nulbaya 'yarta, suka koma kwalekwale, har yanzu ba su da takarda. Lauya Chin tana nan tana zirga-zirgarta, tsohuwa na soya ayabarta. Norlela ta gama makaranta ta dawo ofishin nan da aiki.