Ɗacin da Danginmu Ba Sa Ji

Ƙarfe goma matar da kamfani ya turo za ta sa hannu a takardar karɓar maganinmu, ni kuwa tun tara nake gaban kwamfuta ina hararar jan layi guda. Shekara biyu na yi ina koya mata siffofin sinadarai da yadda kowanne ke maƙalewa a ƙwayoyin harshe masu jin ɗaci. Yau da jan layin nan ta kafe cewa sabon maganin ruwa na yara da muka haɗa, ba yaron da zai iya haɗiye shi saboda ɗaci. Masu ɗanɗanonmu uku kuma sun rantse ba ɗaci ko kaɗan.

Shugaban ɗakin binciken kawuna ne, shi ya ɗauke ni aiki. Ya leƙo yana gyara hula.

"Ke da na'urarki," ya ce. "In kika kunyata ni gaban matar kamfani, yau za mu rufe aikin nan naki. Harshen mutum uku ya fi ƙarfin jan layi."

Yana fita na karya dokar da ta hana mu ɗanɗanawa, na ɗiga maganin a cokali na lasa. Ba komai. Har da ɗan zaƙi. In har harshena ma ya juya mini baya, shekara biyu sun tashi a banza ke nan.

A ɗakin taro matar kamfani ta buɗe takardu, ta zare murfin biro. Masu ɗanɗano na zaune a jere: Dogo ƙanin Kawu, da 'ya'yan babban wansu biyu. Kawu bai yarda bare ya san abin da muke haɗawa ba, shi ya sa duk mai ɗanɗano daga gida yake ɗauko shi. Ina kallonsu don in kauce wa idonsa, sai na lura da hancin nan namu mai faɗi, guda uku a jere, na huɗu a fuskata. Sau nawa na karanta cewa ƙwayoyin jin ɗaci gadonsu ake yi, wani ya ji, wani bai ji ba? Ban taɓa ɗaga kai na dubi mutanenmu ba.

"Ranki ya daɗe," na ce, "kafin ki sa hannu, ki ɗanɗana."

Kawu ya juyo. "Ba a haka a nan. Muna da masu yi."

"Ni ma na lasa, Kawu. Ban ji komai ba."

"To, me ya rage?"

"Ni 'yar ƙanwarka ce."

Matar ta dube ni, ta dube shi, ta miƙa hannu ta ɗauki cokali. In ita ma ba ta ji ba, na san jakata kawai zan ɗauka.

Ta sa a baki. Fuskarta ta yamutse, ta tashi tana neman kwandon shara, Dogo ya ruga kawo ruwa. Da ta dawo ta mayar wa biro murfinsa.

"Wannan za a ɗura wa yaro mai zazzaɓi?" ta tambaya a hankali.

Kawu ya jawo kwalbar, ya sha cokali ɗaya, ya ƙara na biyu, yana juya shi a baki yana nema. Na ci nasara, amma wallahi tausayi ne ya kama ni.

"Ban ji ba," ya ce.

"Na sani, Kawu," na ce. "Haka muke duka."