Sandar Fatsa a Kan Garwashi

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba a ƙarshen damina, hannunsa na hagu bai dawo ba. Ƙafar ta dawo, yana ɗan jan ta amma tana kai shi masallaci. Bakin ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe, in ya zauna sai ya ɗauko shi da na dama ya ɗora a cinya.

Yaya Juwairiyya, babbar yayata da ke koyarwa a Dutse, ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta, har da fenti da sabuwar katifa. Hujjarta ita ce tun rasuwar Inna babu mai kula da shi a ƙauye, gonar ma an ba da ita aro, ni kuma ba abin dogaro ba ne: yau ina faci a bakin titi, gobe ina tuƙa keke mai ƙafa uku, jibi a ce an gan ni a Kano. Ban musa mata ba. Baba kuwa cewa ya yi shi ba buhun gero ba ne da za a ɗauka a canza masa rumbu. Garinmu yana gefen kogin da ya bi ta Ringim, kuma tun kafin a haife mu, da an gama girbi a bakin ruwan nan yake wuni da fatsarsa. Mu manoma ne, kamun kifi ba sana'armu ba ce, amma miyar gidanmu ba ta taɓa rasa kifi da rani ba.

Da ja-in-ja ta ishe su, Yaya ta ce to, in zai iya zuwa bakin ruwa ya kamo na miyarsa da kansa kamar da, za ta ƙyale shi a gidansa, ta roƙi matar maƙwabci ta riƙa yi masa girki. In ba zai iya ba, ya biyo ta. Ta san abin da ta sani game da hannun, shi ya sa ta faɗa. Baba ya ce ya yarda.

Fatsar Baba gora ce doguwa da zare ɗaure a kanta. Karfasa ana iya ɗago ta da hannu ɗaya, amma in tarwaɗa ta kama, dole ka ja sandar baya ka cafke zaren da ɗaya hannun, ka riƙa jawowa wannan hannu na karɓa daga wancan. Mun je mun gwada. Kifi ya kama, Baba ya ɗaga, kafaɗarsa ta hagu ta motsa amma hannun bai je ba. Ya tsaya yana kallon zaren yana yawo a ruwa har ya yi sanyi.

A nan na tuna da shagon Sadisu mai gwanjo a Dutse, inda na taɓa zaman banza lokacin ina faci. Cikin tsofaffin dutsen guga da kekunan yara akwai wasu sanduna jingine a kusurwa, babu mai tambayar su. Sandunan fatsa ne irin na waje, masu ɗan inji a gindi wanda ke naɗe zare. Na ce a raina, in aka ɗaure sandar a hannun da ya mutu, mai ran ya juya injin, ai an gama.

Na wuni a shagon ina zaɓe. Masu kauri na ajiye su gefe, za su gajiyar da kafaɗar tsoho. Kowace sanda tana da zobba a jere da zare ke bi ta ciki, sai na yagi auduga ina zura wa ko wanne ina jawowa, kamar yadda na ga wani ya yi a waya. Zoben da ya tsage yana riƙe audugar, kuma abin da ya riƙe auduga zai ci zare. Cikin injinan na nemi wanda ake iya kwance mariƙinsa a mayar da shi dama. Wadda ta cika duk waɗannan guda ɗaya ce, marar nauyi, launin zuma, sai dai kanta ya ɗan karkace gefe saboda daɗewa a ƙarƙashin kaya. Sadisu ya ce kifi ba ya duba wannan. Na ɗauka.

A gida na shimfiɗa buhu na kwance injin gaba ɗaya, na jera kayan cikinsa yadda suka fito don kada in rikice. Yashi da tsohon maiko sun daskare a haƙoransa. Na wanke da kananzir, na shanya, na ɗiga man keken ɗinki, na mayar. Tsohon zaren na naɗa a yatsa na ja, ya tsinke kamar taliya, na saka sabon zaren lailon. A saman injin akwai wani maɓalli da in ka sassauta shi, zare yana fita da kansa idan kifi ya fizga da ƙarfi, maimakon ya tsinke. Na daidaita shi. Na ɗaɗɗaure ƙugiyoyi a gajerun zare da ɗan maƙalli a kai yadda Baba zai iya canzawa da hannu ɗaya da haƙori. Dalmar nutsarwa tasa ce ta da. Abin da ke yawo a saman ruwa ya nuna kifi ya taɓa, guntun tsohon silifa na yanka.

Baba ya karɓi sandar ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya tambaye ni wace bishiya ce. Na ce ba itace ba ce, wani irin roba ne da aka haɗa da zaren gilashi. Ya ɗaga ta saitin idonsa, ya rufe ɗaya, ya daɗe yana dubawa.

"Karkatacciya ce," ya ce.

Na ce kaɗan ne. Ya ce kan sanda shi ke fara gaya maka kifi ya zo, in ya karkace ƙarya zai riƙa yi maka. Amma ya miƙo hannun na ɗaure masa ita da robar tayar keke, daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Ranar farko a bakin ruwa Baba Yahuza, taubashin Baba, ya biyo mu yana dogara sanda. Ya zagaya Baba ya kalle shi sama da ƙasa, ya kira shi da sunansa.

"Nata'ala, saura gajeren wando da malafar Bature, sai mu fara gaishe ka da Turanci."

"Kai da kifi ke kuɓuce maka ko a cikin miya, me ka sani?" in ji Baba.

Rabon da in ji ya mayar wa wani magana haka tun kafin ya kwanta.

Jifar ta ba shi wuya da farko. Zare ya sha cukurkuɗewa, ƙugiya ta kama rigarsa, ta kama reshen giyayya. Sannu a hankali ya gano yadda zai juya jikinsa gaba ɗaya a madadin hannun. Ya koyi danne ƙugiya da yatsun ƙafa ya soka mata tana. Ya fara fito da karfasa, sannan ƙananan tarwaɗa. Duk yamma in mun dawo sai in goge sandar, in sassauta maɓallin, in rataye ta a inuwar zaure, don rana tana busar da lailon. Shi kuma duk sanda ya wuce ta sai ya tsaya ya dubi kan nan. Muka aika wa Yaya, ta ce za ta zo ranar Asabar ta gani da idonta.

Ana gobe za ta zo na shiga Ringim karɓo masa magani. Da la'asar na dawo, tun daga ƙofar zaure na ji wari kamar an ƙona bokitin roba. Baba na zaune a tsakar gida, kaskon garwashi a gabansa, ɗan kwanon man kaɗanya a gefe, sandar a kan cinyarsa.

Na san aikin, na taso ina ganin sa. Duk gorar da Baba ya saro sai ya shafe ta da man kaɗanya, ya riƙa wuce ta a kan garwashi yana juyawa har ta yi laushi, ya danne inda ya karkace ya riƙe har ta huce. Haka mahaifinsa ya koya masa, kuma gorar da ta sha wuta a hannunsa takan yi shekaru. Yau ma haka ya yi, ya maƙale gindin a hammata, ya danne kan da tafin ƙafa.

Ya miƙo mini ita ya ce in duba. Na ɗaga. Ta miƙe sambal. Amma wajen tsawon tafin hannu daga ƙarshe, ƙyallin ya mutu, wurin ya yi fari-fari, in ka kai ido kusa kana hango siraran zare a ƙarƙashi.

"Baba, wannan ba gora ba ce. Ita wuta cin ta take yi daga ciki."

"Ta miƙe ko ba ta miƙe ba?"

Na ce ta miƙe. Na ce ya bari in yanke wurin in mayar da zoben ƙarshe ƙasa kaɗan, za ta gajarta amma za ta yi ƙarfi. Ya ce ba a taɓa yanke kan sandar da aka gama gyarawa ba. Fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba, don wannan ne aikin farko da ya fara ya gama shi kaɗai tun da ya tashi. Na lanƙwasa kan a hankali, bai yi ƙara ba. Na rataye ta.

Yaya ta iso da hantsi a kan babur daga tashar Ringim. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin giyayya, Baba Yahuza ya zauna a kan saiwa. Ta ce in koma gefe, alkawarin shi ne ya kama da kansa. Ko robar ma Baba da haƙori ya ja ta ya ɗaure.

Ba a jima ba silifar ta nutse, ya naɗo wata karfasa kamar tafin hannu. Yaya ta yi dariya, na ga idonta ya cika. Baba ya ce wannan rabon kyanwa ne, ba ita aka zo nuna wa mutane ba. Ya canza ƙugiya zuwa babba, ya soka hanjin kaza, ya jefa can gindin wani kututture da ruwa ya ci, inda zurfi yake.

Mun daɗe. Baba Yahuza har ya fara gyangyaɗi. Sai sandar ta sunkuya gaba ɗaya, injin ya kama kuka zare na fita. Baba ya kafa ƙafarsa mai lafiya, ya bar kifin ya gudu, da ya tsaya ya fara naɗewa. Ya gudu, ya naɗe. Zufa ta jiƙa bayan rigarsa. Da kifin ya matso gaɓa muka ga baƙin bayansa ya juya a ruwa, tarwaɗa ce ta fi tsawon hannuna. Baba ya ɗaga sandar sama tsaye, kamar yadda yake yi da gora in zai fito da kifi.

Ƙarar ba ta fi ta karan dawa ba. Kan ya karye daidai wurin farin, ya zame ya bi zaren zuwa ruwa. Na yunƙura, Baba ya ce in tsaya inda nake. Ya saki mariƙin injin ya cafke zaren da dama. Ya ja, ya naɗa abin da ya jawo a kan lanƙwasassun yatsun hagu don kada ya koma, ya sake ja, ya sake naɗawa. Kifin ya fizga, ya riƙe. Haka ya yi ta yi yana ja da baya har tarwaɗar ta fito kan yashi tana bugun jela.

Baba Yahuza ya miƙe yana cewa lallai Baturen nan ya iya. Baba ya juyo wajen Yaya yana haki yana murmushi. Ita ba fuskarsa take kallo ba.

"Baba, hannunka."

Ya duba. Lailon ya nutse cikin yatsunsa uku, ba a ko ganin sa. Jini ya bi gindin sandar, ya jiƙa robar, yana ɗiga a kan ƙafarsa. Na yanke zaren na warware shi a hankali, ina jin yadda yake fita daga cikin nama, ni nake runtse ido. Shi kallo kawai yake yi, kamar hannun wani ake gyarawa. Ya sa babban yatsan dama ya danna cikin yankan, ya ƙara dannawa.

"Ban ji ba," ya ce.

Yaya ta yage gefen ɗankwalinta tana naɗe masa. Ni kuwa na kama magana ba tsayawa: sandar zan gyara ta yau ɗin nan, zan samo masa safar hannu ta fata, laifin wurin da ya ƙone ne kawai, kuma ba zai sake buƙatar taɓa zare ba.

Yaya ta ɗaure ƙullin, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka kama, Baba. Na gani. Ba zan saɓa alkawarina ba."

Baba ya dubi ruwan. Tarwaɗar ta daina bugu, sai buɗe baki take yi.

"Yau zare ne, kuma kuna nan," ya ce. "Wata rana wuƙa ce ko tafasasshen ruwa, ni kaɗai a gida, sai dai wari ya gaya mini."

Baba Yahuza ya sunkuya da ƙyar ya zura yatsa a kumatun kifin ya ɗauka, ya yi gaba.

Muka bi shi a hankali, za mu kai Baba wurin mai ɗinkin rauni. Hawan gaɓar ya ba shi wuya, a tsakiya ya tsaya ya dafa kafaɗata. Ya tambayi Yaya ko akwai masallaci kusa da gidanta wanda ƙafarsa za ta iya kai shi ba sai an riƙe shi ba. Ta ce akwai, gida biyu ne tsakani. Ya tambaya ko limamin yana jan salla da yawa. Ta ce ba ya ja.

"To, a bar ni in yi Juma'a a gida tukuna," ya ce, ya saki kafaɗata ya ci gaba da hawa.